Littafin aikin hoton terahaz a Katsina: daga hunturu zuwa faɗuwar damina

11 ga Nuwamba, 2024

Na'urar hoton terahaz ta zauna a kan teburinta, kuma yau ta ba da siginar farko. Ta aro ce, wani ɗakin bincike na ƙasar waje ya ba mu ita zuwa ƙarshen damina mai zuwa, don haka ba mu da lokacin wasa.

Tambayar da muka sa a gaba ɗaya ce: idan ƙwayoyin halitta biyu suka kama juna, misali antibodi, furotin da garkuwar jiki ke yi, da abin da yake farauta, za a iya ganin kamun a hoton terahaz ba tare da an liƙa wa ɗayansu wata alama ba? Kusan duk gwajin da ake yi a asibitocinmu da alama yake aiki. Jan layin da ke fitowa a tsinken gwajin maleriya ƙananan ƙwayoyin zinariya ne da aka ɗaura wa antibodi. Gwajin ELISA, wanda Engvall da Perlmann suka fito da shi a Stockholm a 1971, wani enzayim ake ɗaurawa mai sauya launin ruwa. Alama tana cin kuɗi, tana ƙara matakai, yawancinta sai da firji, kuma takan sauya halin abin da aka liƙa wa ita. Nauyin bayotin, wato bitamin B7, dalton 244 ne a ma'aunin nauyin irin waɗannan ƙwayoyi, rinin fulorisin da ake yawan liƙawa kuwa 332. Alamar ta fi mai ɗauke da ita nauyi.

Yadda na'urar take aiki a taƙaice: lesa mai tsawon zango nanomita 1550 tana harba walƙiya gajera ƙwarai, ƙasa da femtosakan 100 (femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan dubu na daƙiƙa), ta cikin zaren faiba zuwa wata 'yar eriya. Eriyar ta saki bugu guda mai tsawon kusan pikosakan ɗaya, wato femtosakan 1,000, wanda ya ƙunshi igiyoyi daga terahaz 0.1 zuwa wajen 3. Terahaz ɗaya kaɗawa tiriliyan ɗaya ce a daƙiƙa, tsawon zangonta milimita 0.3, tsakanin igiyar maikrowef da infrared. Ba ta da ƙarfin fasa ƙwayar halitta irin na hoton ƙashi. Abin da ya sa ake sonta shi ne na'urar ba yawan hasken da ya ratsa kaɗai take aunawa ba, har da lokacin da ya iso. Binbin Hu da Martin Nuss ne suka fara ɗaukar hoto da wannan dabara a Bell Labs a 1995.

19 ga Nuwamba

Kafin a taɓa furotin, gwajin lafiyar na'ura. Mun harba bugun ta cikin iskar ɗaki kawai, sai ga ramukan tururin ruwa, wato wuraren da tururin ya shanye igiyar har sigina ta faɗi, a inda ya kamata, a ma'aunin terahaz: 0.557, 0.752, 1.097, 1.163, 1.411, da wani babba wajen 1.67. Tun 1989 mutanen Grischkowsky a IBM suka auna waɗannan da irin wannan dabara, saboda haka su ne ma'aunin da kowa ke gyara na'urarsa da shi kyauta. Mun kuma matse garin laktos ya zama ƙwaya, raminsa ya fito a 0.53. Na'ura lafiya lau.

A Turai akan rufe hanyar hasken a akwati a hura masa naitirojin don a kori danshi. Silindar naitirojin a nan sai an aika Kano, kuma ba ta jimawa. Malamin da ke kula da ɗakin gwaji ya haɗa mana akwati da gilashin roba, ya toshe gefunan da gam, ya jera silika jel a ƙasa tare da ɗan fankan kwamfuta. Idan jel ɗin ya ƙoshi da ruwa ya sauya launi, a gasa shi a obin ya dawo.

3 ga Disamba

Yau babu awo, lissafi ne a kan allo, kuma lissafin bai yi mana daɗi ba.

Ƙwayar furotin irin ta siteraftabidin, furotin mai kama bayotin da za mu yi gwaji da shi, faɗinta kusan nanomita 5 ne. A ce an shimfiɗa ta layi ɗaya a kan gilashi, a kuma ƙaddara ma'aunin karya haskenta 1.6, wato haske ya fi jinkiri a cikinta sau 1.6 a kan iska. Jinkirin da za ta sa wa bugun terahaz shi ne 0.6 sau nanomita 5, a raba da gudun haske: femtosakan 0.01. Na'urarmu kuwa, ko ba a taɓa ta ba, tana rawar femtosakan da dama tsakanin awo da awo. Kamar ka ɗora ƙwayar gero guda a kan buhu mai kilo 100 ne ka ce sikelin 'yan hatsi ya faɗa maka bambanci.

Farfesa ya leƙo yana wucewa, ya tsaya ya karanta allon har ƙasa. Ya ce, "To Dakta, in haka ne mi kuka ɗauko wanga ƙarfe ku yi da shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, layi ɗaya ne ba zai ganu ba. Sai mu tara shi." Ya ce Allah ya taimaka, irin faɗar da ba ta nuna ya gamsu ba.

Duk wanda ya yi nasara a wannan fanni sai da ya nemo hanyar kewaye wannan lissafi. A 2002 Samuel Mickan da mutanen Xi-Cheng Zhang a Amurka sun ga kamun abidin, wani furotin mai kama bayotin irin siteraftabidin, da bayotin ta hanyar girgiza samfurin, yana shiga hasken yana fita da sauri, ana ɗaukar bambancin kaɗai. Wasu suna zana ƙananan zobba na ƙarfe masu tara ƙarfin igiyar wuri guda. Mu mun zaɓi hanyar da aljihunmu zai ɗauka, wadda Yuichi Ogawa da abokan aikinsa a Japan suka nuna a 2008: tantanin PVDF. Farin tantani ne na wani nau'in roba mai ƙananan ramuka, furotin yana shiga cikin ramukan ya manne, santimita murabba'i ɗaya tana iya riƙe sama da maikrogiram 100. Idan aka dunƙule wannan ya zama shimfiɗa guda, kaurinsa ya kai maikromita 0.7, jinkirinsa wajen femtosakan 1.5. Ninki 150 ke nan na layi ɗaya. Har yanzu a bakin gaɓa yake, amma ya shigo inda za a iya magana.

16 ga Disamba

Kayan gwaji sun iso ta Kano cikin kula, ƙanƙarar ta narke amma kwalaben da sanyinsu. Suna firjin da ke kan sola.

Ɗalibarmu ta digiri na biyu, wadda ta fito daga sashen bayokemistiri, ta kawo shawarar mu tace abidin daga farin ƙwai mu huta da oda. Shawara ce mai ma'ana, don a farin ƙwai aka fara gano shi, shi ya sa ma yawan shan ɗanyen ƙwai kan jawo ƙarancin bayotin, wato bitamin B7, a jiki. Amma abidin yana da sukari a jikinsa da cajin da ke sa shi manne wa abin da ba nasa ba. Siteraftabidin, wanda ake samu daga ƙwayar bakteriya ta Streptomyces avidinii, ya fi shi kamun kai. Kowannensu yana da gurbi huɗu na bayotin, kuma riƙon yana cikin mafi ƙarfi da aka sani tsakanin ƙwayoyin halitta biyu da ba su narke cikin juna ba. Wanki ba ya raba su. Dalilin da ya sa kowa ke fara gwada sabuwar na'ura da su ke nan: in ba ka ga wannan kamun ba, babu wanda za ka gani.

Ita ce kuma ta hana mu amfani da madarar gari wajen toshe sauran ramukan tantanin, kamar yadda aka saba a irin wannan aiki. Ta ce, "Malam, madara da bayotin ɗinta take zuwa, za ta cinye mana gurbin tun kafin a fara." Za mu toshe da Tween-20 kawai, wani sinadari mai kama da sabulu wanda ba furotin ba. Wannan ya fi dacewa da mu ta wata fuskar ma, domin idan aka cika tantanin da wani furotin don toshiya, na'urar ba ta san wannan furotin daga wancan ba.

9 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama. Ma'aunin danshi a ɗakin yana nuna kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari da rana, a cikin akwati kuwa ƙasa da 5. Ramukan tururin ruwa sun kusa ɓacewa, sigina tana kaiwa gaba da terahaz 2 ba tare da naitirojin ba. Abin da wasu ke saya da kuɗi iskar arewa ta kawo mana har ƙofa. Ƙura ba ta dami igiyar ba sosai, don ƙwayar ƙurar hunturu ta yi ƙanƙanta a gaban zango mai maikromita 300. Inda take cizo shi ne bakin faiba da dogon layin da madubi ke zamewa a kai. Kullum da safe sai an goge.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Da asuba sanyi har ƙashi, da azahar ɗakin ya ɗumame, kuma zaren faiba yana jin wannan. Mita ɗaya ta faiba tana sauya lokacin isowar haske da kusan femtosakan 40 a duk digiri ɗaya. Zare biyu ne, na mai aikawa da na mai karɓa, ya kamata sauyinsu ya kashe juna, amma sai in zafi ɗaya suke ji. Ɗaya yana kusa da taga. Hotonmu kuwa ba kamar na kyamara ba ne da ake ɗauka tashi guda. Ɗigo-ɗigo ake bi: fili mai milimita 20 a tsaye da kwance, taki 0.25, ya ba da fiksel 6,400, kowanne daƙiƙa ɗaya, kusan awa ɗaya da minti 47. Kafin a kai ƙasan hoto ɗakin ya sauya. Hoton tantani fari fat da babu komai a kansa ya fito da duhu a sama, haske a ƙasa.

Magani biyu. An naɗe zarurrukan tare cikin soso guda, an rufe tagar da kwali. Sannan a ƙarshen kowane layi na'urar tana komawa wani gurbi da aka huda a tantanin ta auna iska zalla, a cire sauyin daga layin.

28 ga Janairu

Hoton farko na samfurin gaske. Kafin a ɗiga komai sai an jiƙa tantanin da metanol, don PVDF ba ya shan ruwa haka kawai. Yana taɓa metanol farin ya juye ya zama toka-toka mai ɗan nuna abin da ke bayansa, daga nan a mayar da shi ruwa da hantsaki, kada ya bushe. Ɗigo huɗu aka yi, kowanne faɗin milimita 3, saboda hasken a terahaz ɗaya ba ya tattaruwa ƙasa da wajen rabin milimita, ƙaramin ɗigo zai narke cikin gefensa. Na farko BSA, furotin jinin shanu, mai ɗauke da bayotin, na biyu BSA marar bayotin, na uku mai bayotin amma za a ba shi siteraftabidin da aka riga aka cika wa gurbi da bayotin, na huɗu ruwan gishirin PBS kawai. Na farko ne kaɗai ya kamata ya ƙara nauyi.

Duka huɗun suka fito a hoto, kuma wanda ya fi kowa fitowa shi ne na huɗu, wanda babu furotin ko ɗaya a cikinsa. Kowanne da zobe a gefensa. Gishiri ne ya bushe a ramukan, kuma ɗigo idan yana bushewa yakan tura abin da ke cikinsa zuwa baki. Da ɗigo na farko kaɗai muka yi, da yau mun kwana muna murna.

17 ga Fabrairu

An ƙara wanki da tataccen ruwa bayan PBS, a bar tantanin ya kwana a cikin akwati kafin awo. Ɗigon gishiri ya ɓace. Mun kuma sauya tsari: ɗalibar ce ke jera ɗigon yadda ta ga dama, ta rubuta taswirar ta rufe a ambulan, ni in yi lissafi ban san wanne ne wanne ba. Ana ɗaukar hoto kafin a zuba siteraftabidin da bayan an zuba, a cire wannan daga wancan.

A yawancin tantanin da aka auna, ɗigon da na nuna shi ne na farko idan aka buɗe ambulan. Bambancin siriri ne, bai fi ninki biyu na rawar na'urar ba, kuma akwai tantanin da ban iya nuna komai a kansa ba. Ɗigo na uku, wanda shi ne alƙalin gaskiya, ya zauna daidai da na biyu.

12 ga Maris

Azumi. Mun mayar da awo bayan tarawihi zuwa sahur, ya kuma zo daidai, don da dare zafin ɗakin ba ya yawo.

Wani abu ya tsaya min a rai tun watan jiya: tantanin da aka auna da wuri, kafin ya gama kwana a akwati, ya fi nuna bambanci. Don haka muka sa danshin a hannunmu. Idan aka narka gishiri a ruwa har ya ƙi narkewa, aka rufe shi a mazubi, yana riƙe danshin iskar wuri guda: litiyam kuloraid kashi 11, magniziyam kuloraid 33, gishirin miya 75. Tantani guda muka bi da shi ta ukun. A kashi 11 ɗigon da ƙyar ake ganinsa. A 33 ya fito. A 75 ko wanda bai san aikin ba zai nuna shi da yatsa.

Wannan ya sauya yadda nake karanta duk hotunan. Ruwa yana shan terahaz fiye da kima: a terahaz ɗaya, shimfiɗar ruwa mai kaurin maikromita 100 tana cinye kusan kashi 90 na hasken. Furotin kuma ba ya zama a bushe in da danshi a kusa, giram ɗaya yana iya riƙe wajen giram 0.3 zuwa 0.4 na ruwa a jikinsa. PVDF ba ya son ruwa. Ke nan inda furotin ya taru, nan ruwa ke taruwa, kuma babban rabon abin da na'urar ke gani ruwan ne. Ruwan ya zame mana alama ba tare da mun liƙa shi ba.

Wani zai ce to ai wannan ba ganin kamu ba ne. A ganina ganin kamu ne, matuƙar ɗigo na uku bai motsa ba, kuma bai motsa ba ko a kashi 75. Abin da ba zan yarda a rubuta da sunanmu ba shi ne cewa mun ga wata kaɗawa ta musamman ta siteraftabidin. Laktos yana ba da rami mai kaifi ne saboda lu'ulu'u ne, ƙwayoyinsa a jere suke. Furotin a zafin ɗaki ba ya ba da irin wannan, shan haskensa hawa yake yi sumul ba rami. Na'urar ta san an ƙara abu a nan, ba ta san mene ne ba. Wanda ya san mene ne shi ne bayotin da muka dasa a wurin. Duk takardar da ta nuna min hoton terahaz mai kyau ba ta faɗi danshin ɗakinta ba, yanzu da ayar tambaya nake karanta ta.

Akwai masu bin ruwan kansa a matsayin abin bincike. Martina Havenith da mutanenta a Bochum ta Jamus sun nuna a 2007 cewa ruwan da ke kewaye da furotin yana motsi dabam da sauran ruwa, har zuwa nesa fiye da yadda aka zata. Wannan a cikin ruwa ake auna shi, da na'ura mai ƙarfin da ya fi namu.

22 ga Afrilu

Zafi ya haura digiri 40 a waje. Wuta ba ta zama, batiran inbata ba sa iya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki da lesa tare har hoto ya kammala. Mun rage faɗin hoton zuwa rabi.

Mun gwada manna tantanin a kan faifan silikon, mai ma'aunin karya haske 3.42, a auna hasken da ya dawo maimakon wanda ya ratsa. Hasken da ya dawo daga fuskokin tantanin biyu yana gauraya, a wasu igiyoyin ya ƙaru, a wasu ya ragu, ƙaramin sauyi a cikin tantanin sai ya gusar da wurin. Bambancin ya ƙaru, amma iska 'yar maikromita kaɗan tsakanin tantani da silikon ta fi furotin ɗin duka magana. Malamin ɗakin gwaji yana ƙera matsewa mai sukurori huɗu.

20 ga Mayu

Mun yi ta rage yawan siteraftabidin rabi-rabi don a ga inda ido zai ƙare. Bayan awo muka tsoma tantanin a rinin Ponceau S, wanda ke mayar da furotin ja. Rinin, mai arha da sauƙi, ya ci gaba da nuna bambanci a inda na'urarmu ta riga ta makance. ELISA kuwa ta wuce su duka biyun da nisa. Gara mu faɗa da bakinmu kafin wani ya faɗa mana.

Wata likita da ta zo ganin aikin ta tambaya ko za a iya gwajin sikila da shi, ganin yadda ake fama da gwajin kafin aure. Tambayar ba ta banza ba ce. Sikila harafi ɗaya ne ya sauya a DNA, GAG ya koma GTG, sai tubalin furotin mai suna balin ya maye gurbin wani mai suna gulutamik asid a wuri na 6 na sarƙar beta ta haemoglobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Kuma a 2000 masu bincike a Aachen ta Jamus sun nuna cewa terahaz tana bambance DNA mai igiya biyu a haɗe da wanda aka raba. A ƙa'ida za a dasa guntun DNA mai neman tsarin sikila, a ga ko ya kama. Na ce mata, "Hajiya, wanda muke gwadawa yanzu shi ne kamu mafi ƙarfi da mafi sauƙi, kuma da ƙyar muke ganinsa. Bambancin harafi ɗaya sai na'urar ta ninka ganinta sau da yawa." Gwajin da asibiti ke yi na raba haemoglobin da lantarki yana aiki, ba shi da tsada, babu dalilin taɓa shi.

16 ga Yuni

Ruwa ya sauka, danshin ɗaki ya haura kashi 60, ramukan tururi sun dawo da ƙarfinsu, sama da terahaz 1.6 babu abin karantawa in akwati a buɗe yake. Jel yana ƙoshi cikin yini guda. Yanzu mun raba akwatin biyu: hanyar haske a bushe, samfurin kuma a wani ƙaramin ɗaki mai tagogin roba na polietilin, da kofin magniziyam kuloraid a ciki. Duk awon da za a yi daga yau a kashi 33 za a yi shi, a kuma rubuta danshi da zafi a sunan kowane fayil. Kashi 75 ya fi ba da bambanci, amma tururin da ke cikin ƙaramin ɗakin yana ƙara nasa ramukan, kuma ɗan sauyin zafi yana motsa sakamakon.

Na so mu gwada dabarar Toshihiko Kiwa na Jami'ar Okayama, inda samfurin ke zaune cikin ruwansa a kan faifan silikon, lesa ta bugi faifan ta baya, faifan da kansa ya fitar da terahaz gwargwadon cajin da ke samansa. Hasken ba ya ratsa ruwan ko kaɗan. Sai dai silikon ba ya shan haske mai nanomita 1550, sai an sa lu'ulu'un da zai mayar da shi 775, kuma yarjejeniyar aron ba ta ba mu damar buɗe lesar ba.

Abin da ya rage kafin a mayar da na'urar: ragar ƙarfe mai ƙananan ramuka da muka yi oda, wadda za a ɗora tantanin a kanta don tara ƙarfin igiyar, da kuma gwaji ɗaya da antibodi na gaske maimakon bayotin. Ɗalibar ta zaɓi antibodin da ke kama BSA, tunda BSA ɗin muna da shi a firji. Matsewar silikon ta dawo daga wurin mai walda, sukuri ɗaya ya karkace, gobe za a sake huda shi.